Motar Tsoho a Kan Tudu

Daga Allah muka fito, kuma wurinsa kowa ke komawa idan lokacinsa ya yi. Kakana mahaifin uwata, wanda duk garinmu ke kira Tsoho, nasa lokacin ya yi ranar wata Talata da hantsi, bayan an gama kai gero rumbu. Bai yi jinya ba. Ya sha kununsa, ya yi wa kakata mita cewa ta cika masa tsamiya, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa. Da ta je tashinsa sallar azahar ta tarar ya riga ya tafi.

Na sha zuwa zaman makoki, amma ban taɓa ganin inda mutane ke fama da danne dariya kamar nasa ba. Gidan Tsoho shi ne na ƙarshe a kan tudun garinmu, can cikin duwatsun ƙasar Garhanga, don haka duk mai zuwa gaisuwa sai ya iso yana haki. Ya zauna, a yi addu'a, a shafa. Daga nan sai idonsa ya faɗa kan tsohuwar motar da ke tsaye a ƙofar gida, hancinta na kallon gangara, ga dutse an tokare mata taya. Sai ka ga bakinsa ya fara motsi yana ƙoƙarin riƙe shi.

Limamin garinmu ne ya fara fasa ƙwan. Bayan ya yi wa mamaci doguwar addu'a, ya gyara rawaninsa ya ce, “Allah shi gahwarta mishi. Mutumin kirki na, kowa ya shaida. Amma ni dai ya hana ni sa wayata ta sha wuta cikin motar ga, ni da nike ba shi salla sau biyar kullum. Na yahe mishi, amma sai na hwaɗi.”

Aka kwashe da dariya, har da kawuna, babban ɗan Tsoho, wanda tun safe bai ɗaga kai ba.

Mata kuwa ba su yi dariya da wuri ba. Suna fitowa daga wurin kakata, wadda muke kira Tsohuwa, sai su ratse su dafa jikin motar kamar masu yi mata gaisuwa. Wata mai goyo ta ce mini, “Cikin bayan motar ga anka haihe ni, dab da ƙorama. Wanga da ke bayana kuma ita tak kai ni asibitin Keita na haihe shi.” Wata ta ce ita sau biyu. Wata tsohuwa ta ce jikokinta uku. Ban ƙirga ba, Tsoho ma bai taɓa ƙirgawa ba, amma a kwana ukun nan na gane rabin samarin da ke ɗauko mana tabarmi ta bayan motar nan suka shigo duniya.

Ina rubuta wannan ne don kada nan gaba yara su ga mota a kan tudu su zaci wani mahaukaci ne ya ajiye ta. Akwai kuma laifin da na yi, wanda gara in faɗa da bakina kafin taubasaina su ƙara masa gishiri.

Motar fara ce a da. Irin mai buɗaɗɗen bayan nan ce, ta girmi yawancin matan auren garin. A bayanta kullum akwai katifa a naɗe cikin buhu, da tabarma, da jarkar ruwa, da bargo. Tankinta ba ya sauka ƙasa da rabi. Daga inda take tsaye, hanya ta miƙe santal zuwa gindin tudu, kuma Tsoho da hannunsa ya tsince duwatsun hanyar nan ɗaya bayan ɗaya. A tsakiyar gangarar, kusa da wata itaciyar aduwa, ya kafa wani dogon dutse ya shafe shi da farar ƙasa. Duk bayan damina sai ya sake shafa masa.

Ranar Alhamis ita ce ranar mota. Da hantsi sai ya sa riga wankakkiya da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ya buɗe gaban motar, ya mayar da wayar batir ɗin da ya kwance tun wancan mako, ya ɗaure ta tam, ya duba ruwa da mai. Sannan ya shiga ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Idan ta tashi, to. Idan kuwa ta yi ɗan gurnani ta yi shiru, sai ya leƙo ta taga ya ƙwala kira.

“Tsohuwa! Dutse!”

“Ina zuwa! Da kai da motarka kun ishe ni,” in ji ta, tana fitowa da muciya a hannu.

Sai ta sa ƙafa ta ture dutsen da ke tokare da taya. Motar ta soma gangarawa shiru, tana ƙara gudu, sai ta kai daidai farin dutse ka ji ta yi tsalle ta kama ruri. Daga nan ya yi ta zagaya da ita, ya je har rijiyar garin da ke gaba da mu ya dawo, wai don batir ya ƙoshi. Duk tsohuwar da ya tarar a hanya da tulu ko itace sai ya ɗauke ta, yana yi mata tsiya har su iso. Idan ya dawo sai ya hau tudu, ya juya hancinta ƙasa, Tsohuwa ta mayar da dutse, ya kwance wayar batir.

Na taɓa tambayarsa me ya sa yake wahalar da kansa a kan motar da ba inda za ta. Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya sa ake cin tuwo.

“Kai da kay yi karatun boko a lakwal ba ka san wanga ba? Batir ba shi son zaman banza. Ko ba ka taɓa shi ba, shina zubar da wutatai kaɗan-kaɗan, awa tulu mai tsattsahi. Ka bar shi wata guda cikin zahin ga, ranar da kake bukatatai ka iske shi wayam.”

Saboda wannan batir ya yi suna da rowa. Garinmu babu wutar lantarki, kuma tun da wayar hannu ta shigo kowa ya san ana iya ba ta wuta a mota. Liman ya roƙa, mai gari ya aiko, surukai sun zo da kunyarsu. Amsa ɗaya ce: “Wutar ga tana da masu ita.” Kawu ya taɓa neman ya ɗauki albasa ya kai kasuwar Madawa da ita, suka yi kwana uku ba sa cin abinci akushi ɗaya. Ba a kai amarya da ita, ba a zuwa kasuwa da ita. Amma a aiko a ce mace na naƙuda ta gagari ungozoma, ko maciji ya sari wani a gona, ko cikin ruwa ne sai ka ji rurinta a gindin aduwa kafin ɗan aiken ya gama bayani.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, ko da yake shi bai taɓa faɗa da bakinsa ba. Uwata ita ce 'yarsa ta fari. Lokacin da za ta haife ni yana can yana tuƙa babbar mota a hanyar kudu. Naƙuda ta yi tsanani, aka ce sai Keita. A lokacin akwai mota ɗaya a garin, ta wani ɗan kasuwa da ya tafi biɗar kuɗi ƙasar waje ya bar ta wata huɗu a ƙarƙashin rumfa, can ƙasa wajen rijiya inda yashi yake. Aka samo makulli, aka samo wanda ya iya tuƙi, aka murɗa, ko tari ba ta yi ba. Maza suka yi ta turawa cikin yashi har suka gaji. Daga ƙarshe aka ɗora uwata a amalanken jaki. A hanya aka haife ni, ita kuwa ba ta isa Keita ba. Da Tsoho ya dawo ya ji yadda aka yi, ya ajiye aikinsa, ya sayar da shanunsa, ya sayo motar nan, ya haura da ita kan tudu.

Su suka rene ni, shi da Tsohuwa. Ban taɓa jin ɗayansu ya ambaci sunan uwata ba, don a wurinmu iyaye ba sa kiran sunan 'yar fari, tana raye ko ba ta raye. Amma ban tashi cikin baƙin ciki ba. Gidan wasa ne. Ni ina cewa Tsohuwa matata ce, shi yana kirana ɓarawon mata. Akwai 'yar Kawu, taubashiyata, wadda shi kuma yake kira amaryarsa, yana cewa idan ta girma zai saki Tsohuwa ya kawo ta. Da na gama karatu na zama malamin makaranta a Keita, sai na nemi aurenta. Ranar da aka je gaya masa ya riƙe baki.

“Ɓarawon ga ya gama da ni! Ya amshe uwargida, yanzu ya biyo amarya. To ku ba shi, amma ku hwaɗa mishi motata ba ta kai amarya.”

Haka kuwa aka yi. A kan babur aka kai ta.

Faɗanmu ɗaya da shi a duniya, kuma a kan motar ne. Da na fara aiki, sai na ga bai dace tsoho kamarsa ya riƙa hawa da sauka kan tudu ba, mota kuma tana ta cin rana da ruwa. Ban yi shawara da kowa ba. Na sa magina suka yi mata ɗaki na bulo da ƙofar ƙarfe a gindin tudu, wuri mai shimfiɗa kusa da hanya. Na je har Madawa na sayo sabon batir mai nauyi, na ɗauro shi a bayan babur ina jin kaina kamar wanda ya gina masallaci.

Tsoho ya sauko ya zagaya ɗakin, ya ƙwanƙwasa ƙofar, ya yaba aikin maginan. Ya karɓi batir ɗin da hannu biyu ya sa mini albarka har na ji kunya. Sannan ya ce motar tana nan inda take.

Na ce, “Tsoho, batir ɗin nan sabo ne. Da shi ba ka bukatar gangara, murɗa makulli kawai za ka yi.”

“Sabo na yau. Ranar da za a neme shi hwa, ka san ko sabo na?”

“To ɗakin da na gina fa?”

Ya dubi shimfiɗaɗɗen wurin, ya tura yashin da ke bakin ƙofar da tsinin sandarsa. Ya ce, “Waccan ma wuri mai kyau anka aje ta.” Ya juya ya kama hawa.

Na gane wace mota yake nufi, amma zuciya ta hana ni ji. Na yi fushi sosai. Wata biyu ban taka garin ba, ina cewa aiki ya yi yawa. Shi ya aiko Kawu ya ce a gaya wa ɓarawo matarsa ta fari, wato Tsohuwa, tana ramewa, ya zo ya duba ta. Na zo ranar wata Alhamis. Ko zancen bai tayar ba. Ya miƙo mini makulli ya ce in shiga, yau ni zan gangara da ita. Ya zauna gefena yana bayani: a sa giya a lamba biyu, a danne ƙafar hagu har ƙasa, kada a saki sai an kai farin dutse. Tsohuwa ta ture dutse. Da na ga mota tana gudu ba ƙara, ga aduwa tana tahowa, sai tsoro ya kama ni na saki ƙafa tun ba mu yi nisa ba. Motar ta yi tutsu ta tsaya cik, hular Tsoho ta faɗo kan cinyarsa. Ya yi dariya har da tari, Tsohuwa na can sama tana tafa hannu. Muka shirya a kan haka, amma a raina ban daina ganin ni ke da gaskiya ba.

To, ga laifin. Ranar sadakar uku, jama'a suka yi yawa, filin ƙofar gida kuma ƙarami ne. Na ce a matsar da motar a shimfiɗa tabarmi. Na ɗaura wayar batir, na murɗa, ta tashi tashi ɗaya, na ce a raina ka gani ko. Na sauko da ita na shigar da ita ɗakin da na gina, ina jin daɗin cewa yau dai ta kwana a inuwa. Washegari baƙin da suka zo daga Bangi da Madawa da sauran wurare suka fara kukan wayoyinsu sun mutu, ga 'yan uwa na ƙasar waje suna son yin gaisuwa. Na ce ai ladan na mamaci ne. Na buɗe ɗaki na ce kowa ya sa tasa. Liman ne na farko, yana murmushi har kunne. Har aka yi sadakar bakwai wayoyi na shan wutar motar nan bi da bi. Da baƙi suka watse na rufe ƙofar ƙarfe na koma Keita da makulli a aljihuna. Ban tayar da ita ba, ban kuma kwance wayar batir ba.

Tsohuwa tana cikin takaba, ba ta fita, don haka ba ta ga abin da na yi ba sai labari. An ce ta tambayi Kawu sau biyu ko an mayar da motar, ya ce sai na zo.

Na dawo ranar sadakar arba'in. Matata, 'yar Kawu, tana garin tun kafin rasuwar, ta zo goyon ciki gidan iyayenta, don haihuwar fari ce. Da safe aka taru a kan tudu, aka yi addu'a, aka fara rabon waina da goro. Ina cikin miƙa wa Liman nasa sai ga matar Kawu, surukata, ta taho da sauri ko mayafi ba ta gyara ba. Ba ni ta yi wa magana ba, mijinta ta yi wa, amma kowa ya ji. Naƙuda ta kama yarinyar tun asuba. Ungozoma ta ce ɗan ya kwanta a gicciye, ba aikinta ba ne, a kai ta Keita yanzu-yanzu.

Aka kira motar asibiti, aka ce ta tafi ɗauko wani a can nesa, sai bayan azahar. Duk baƙin ranar da babura da amalanke suka zo. Na ce ai ga mota. Na sauka tudun nan a guje, na buɗe ƙofar ƙarfe, na shiga na murɗa makulli.

Ƙas. Shi ke nan abin da ta ce.

Na sake murɗawa. Ko ƙas ɗin ma babu. Na zauna riƙe da sitiyari, ina kallon yashin da ke bakin ƙofa. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Labarin da aka rene ni da shi ne ya dawo, wuri iri ɗaya, mota iri ɗaya, kuma wannan karon ni na ajiye ta da hannuna.

Maza suka sauko suka ce a tura ta a kan hanya. Muka fito da ita, aka tura, tayoyi suka nutse a yashi, ba ta yi gudun da ko akuya za ta kauce mata ba. Wani ya ce a haɗa da batir ɗin babur, wani ya ce ba zai iya ba, kowa na faɗin tasa. Sai muka ji murya daga sama. Tsohuwa ce tsaye a bakin zaure da farin zanen takabarta, ta kama dogaran ƙofa da hannu biyu.

“Ku bar shirme! Ku hauro da ita nan! Mota ba ta tashi ƙasa, shekara nawa shina hwaɗa muku?”

Ban san yadda zan kwatanta abin da ya biyo baya ba. Mutane sun zo cikin manyan riguna na sadaka, masu shuɗi da masu aiki a wuya. Nan take aka tuɓe su aka zubar a kan dutse. Aka ɗaura igiyoyin rijiya biyu a gaban motar, samari suka kama suna ja, manya suna turawa ta baya, ni ina ciki ina riƙe da sitiyari. Liman ya naɗe rawaninsa a ƙugu ya sa kafaɗa a jikin ƙarfen yana cewa, “Wayata tas sha wutar ga, dole in biya da ƙarhina! Ku tura, bayin Allah!” Mata suka fito daga wurin girki, suna biye da duwatsu a hannu, duk inda maza suka tsaya numfashi sai su tokare tayoyi kada ta koma baya. Mai goyon nan da aka haifa a bayan motar tana cikinsu. Wani tsoho da ba ya iya tura komai ya bi gefe yana ba da umarni da sanda, har sai da aka ce ya matsa.

Tudun da Tsoho yake haurawa cikin ƙiftawar ido, mu sai da muka tsaya sau biyar. Da muka kai sama aka juya hancinta ƙasa da kyar, gaba kaɗan, baya kaɗan. Tsohuwa ta fito daga zaure taku uku, ta ɗauko dutsenta na kullum da ke nan a gefe, ta tokare taya. Kawu ya tura aka sauko da matata a kan katifa zuwa gindin tudu, don kada a girgiza ta a gangara. Mutanen nan ba su da ƙarfin hauro da ita karo na biyu, kuma ko suna da shi lokaci babu.

Tsohuwa ta leƙo ta taga. Idonta a bushe.

“Lamba biyu. Ka danne ƙahwarka. In kas saki kahin hwarin dutse, na sake ka, ka ji ko, maigida?”

Na ce, “Na ji.”

“To yi bisimilla.”

Ta ture dutsen. Motar ta motsa a hankali, sannan ta fara gudu. Ba ƙarar komai sai ta tsakuwa a ƙarƙashin taya. Ƙafata tana danne da ƙarfen, duk jikina yana cewa saki, saki. Na kafa ido a kan dogon dutsen nan, farar ƙasar da Tsoho ya shafa masa bayan daminar bana tana nan fes. Na bari sai da ya zo daidai tagata, na saki.

Ta yi tsalle, ta yi tari sau biyu, ta kama ruri.

Ihun da aka yi a kan tudun nan an ce an ji shi a garin da ke gaba da mu. Mata na guɗa a ranar sadakar arba'in, Liman na kabbara ba riga. Ban tsaya kallo ba. Na tsaya a gindin tudu ƙafata na kan mai don kada ta mutu, aka ɗora matata a baya, uwarta da ungozoma suka hau. A yashin ƙorama na yi ta magana da motar kamar yadda na sha ji Tsoho yana yi, ina lallashinta. Muka isa Keita rana ba ta kai tsaka ba. Ma'aikatan asibiti suka karɓe ta da gudu, suka ce sai an yi aiki. Kafin la'asar wata ma'aikaciya ta fito ta ce mini mace ce, kuma uwa da 'ya suna lafiya. Na zauna a ƙasa a gindin taya na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne Tsoho.

Da matata ta farfaɗo ta ji labarin wayoyi, abin da ta fara ce mini shi ne, “Ashe angona na gaskiya shi yat tahi, anka bar ni da ɓarawo.” Har yau taubasaina ba su bar ni na huta ba. Idan wayar wani ta mutu sai ya ce a kai wa malam, yana da mota.

Ranar da aka sallame su na dawo da su a motar. Ban ko kalli ɗakin bulo ba, yanzu albasar Kawu ke ciki kuma ta ji daɗin wurin. Na haura tudu, na juya hancinta ƙasa, na sauka na tokare taya, na buɗe gaba na kwance wayar batir. Yanzu duk Asabar nake zuwa daga Keita in tayar da ita, Kawu kuma yana koyon gangara don ranar da ba na nan. Tsohuwa tana ƙorafin cewa Asabar ba ranar mota ba ce, amma ba ta taɓa bari wani ya riga ta ture dutse ba.

Kowa ya so a ce namiji ne a mayar da sunan Tsoho. Da ta zo mace, Kawu ya ce a sa mata sunan 'yar uwarsa, wato uwata. Bayan an raɗa suna aka kai jaririyar ɗakin Tsohuwa. Ta karɓe ta, ta buɗe zanen ta daɗe tana kallon fuskar. Ba ta kira sunan ba, kuma na san ba za ta taɓa kira ba. Ta ɗago ta dube ni.

“Shekara talatin da wani abu shina tada motar ga duk Alhamis, don ɗiya guda ta isa Keita,” in ji ta. Ta gyara wa jaririyar hula. “To, ta isa.”

Allah Ya jiƙan Tsoho, Ya haɗa shi da 'yarsa a inda babu gajiya, Ya sa duk wanda ya isa asibiti a bayan motar nan ya zama shaida gare shi. Mu kuma Allah Ya ba mu ikon riƙe abin da ya bari. Amin.